Gyartan 'Yar Kutungu

A 'Yar Kutungu, ƙarƙashin wata tsohuwar rumfa,
nan Baba Nagoma yake zama,
basilla a hannu, silin kaba a baki,
gabansa tulin fasassun ƙore.
Ni kuwa ɗan aike ne, mai riƙe masa zare,
shekarata tara, kunnena ya fi cikina yunwa,
a wurinsa na fara karatun duniya.

Wata Laraba Ladingo ta zo da tata a lulluɓe.
"Akuya ce ta ture ta," in ji ta, tana kallon ƙasa.
Baba ya juya ƙwaryar, ya bi tsagar da ɗan yatsa,
ya ce, "Akuyoyin bana ƙarfi gare su."
Da ta tafi ya raɗa mini:
"Wadda ta faɗi, daga gindi take tsagewa.
Wagga daga baki ta fara, jifa ce.
Amma ɗinki aka kawo mini, ba shari'a ba,
mai tonon asiri ba ya gyaran ƙwarya."

Da na shiga aji biyar sai kaina ya yi girma.
Na ce, "Baba, maganarku ta tsofaffi baki biyu gare ta.
Kun ce sannu ba ta hana zuwa,
kun kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.
Kun ce hali zanen dutse,
ga shi kuna tanƙwara icce tun yana ɗanye.
A cikinsu wacce ce gaskiya?"

Bai ɗago ba.
Sai da ya huda, ya zura, ya ja, ya ƙulle,
ya tofar da guntun kabar gefe,
sannan ya ce, "Miƙo min waccan.
Ka ga wannan tsaga? Ɗinki uku ya ishe ta.
Waccan kuwa, in ka yi mata uku, ka zubar da furar mutane.
Karin magana zare ne, yaro.
Wawa shi ka fara zaɓen zare.
Mai hankali tsagar yake fara dubawa
kafin ya taɓa tsinke ko ɗaya."

Roba ta zo gari, ja da shuɗiya, ba ta fashewa,
in ma ta fashe, bola ce makomarta.
Ciniki ya ja baya kamar ruwan kududdufi a bazara.
Ban taɓa jin ya zagi roba ba.
Abin da ya ce kawai:
"Mutanen da suka daina ɗinke ƙwarya,
ina tsoron ranar da zumunci zai tsage musu."
A shekarar da aka yi ruwa har Ƙofar Marusa ta cika
aka kai shi makwanci, da hantsi, ba hayaniya.

Yau shekara biyu ba na magana da wana Barmo,
a kan katangar gado, taku huɗu na ƙasa.
Daren jiya na kasa barci,
karin magana biyu suka zauna mini a ƙirji.
Ɗaya ta ce: kowa ya raina tsayuwarka, hau kansa ka zauna.
Ɗaya ta ce: naka naka ne, ko ya ci namanka ba ya tauna ƙashi.
Kowacce da hujjarta, kowacce da kunya.

Sai na yi yadda aka koya mini,
na ajiye zaren, na juya ƙwaryar.
Na bi tsagar da yatsa, a hankali, har inda ta faro.
Ba daga gindi ba ce.
Daga baki ta fara,
bakin kuma nawa ne.

Ga ni a hanyar Ƙofar Sauri da sassafe,
goro biyar a aljihu, ba karin magana ko ɗaya a bakina.
Ban san ɗinki nawa za ta ci ba,
ban san ko za ta sake riƙe ruwa ba.
Na dai san ba a bar ta a rana,
tsaga ba ta jiran mai jin nauyin tafiya.